Bayan Lauje Ya Fara Buɗewa

A gidanmu ba a yi wa mai ciwon baya sannu, barka ake yi masa. Mu 'yan alkafura ne tun kakanni. Ana gayyatarmu wuraren taro mu yi tsalle, mu hau kafaɗun juna, mu gantsare har ƙeya ta taɓa dunduniya. Na ce mu, amma ban da ni. Tun ina ƙarama Inna, mahaifiyarmu, ta lanƙwasa ni ta ga ba na lanƙwasuwa, ta ce bayana taɓarya ce, ta sallame ni. Na koyi ɗinkin labule, na kama ɗaki a wata unguwa, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Idan yaron gidanmu ya fara tasawa, akwai ciwon da ke kama shi a kwankwaso, can ƙasa inda ɗamara take zama. Su a wurinsu baya ne ya fara buɗewa. Daga ranar ake ninka masa atisaye, domin a faɗar Inna, in aka bar bayan ya huce zai rufe har abada. Bayan wani lokaci sai ta kwantar da yaron rub da ciki, ta bi gadon bayansa da babban yatsa, gaɓa bayan gaɓa, idonta a rufe. In yatsan ya faɗa wani ɗan gurbi kamar matakala, sai ta ce, "Ya zama namu." Yayana yana da matakalar nan, ƙannen babanmu suna da ita, Inna ma tana da tata. In ka hango su ta baya suna tafiya a titi sai tsigar jikinka ta tashi: gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, dukansu iri ɗaya kamar mutum guda aka raba.

Lauje 'yar yayana ce. Uwarta ta rasu tun tana goye, don haka rabin rainonta a cinyata aka yi. Sunan ya bi ta ne saboda yadda take gantsarewa, kuma ina son yarinyar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Wata rana da la'asar ta faɗo shagona fuskarta tana walƙiya.

"Goggo, albishirinki! Ya fara."

"Me ya fara?"

"Bayana mana. Kaka ta ce nawa ya zo da wuri, ko Baba bai kai ni ba."

Na ce ta miƙo mini almakashin da ya faɗi ƙarƙashin keken ɗinki. Ta sunkuya lafiya, amma da ta zo miƙewa sai na ga ta riƙe numfashi, ta dafa gefen tebur, tana ta murmushi. Murmushin nan ne ya fi ba ni tsoro. Na rufe shago na ce ta raka ni sayen takalmi, na zarce da ita asibiti.

Likitar mace ce, ba ta da yawan surutu. Ta sa Lauje ta tsaya da ƙafa ɗaya ta ɗan gantsare baya. Yarinyar da take iya leƙo ka ta tsakanin ƙafafunta ta kasa, ta ciji leɓe. Aka ɗauki hoton ƙashi, likita ta kunna shi a allo, ta kewaya wani wuri da bakin biro.

"Dubi nan da kyau. Me kike gani?"

Na ƙura ido. Da farko hayaƙi kawai nake gani, sai kwatsam ya fito: ɗan ƙaramin kare a tsaye cikin ƙashin yarinyar, da kunnensa da hancinsa da ƙafar gaba. A wuyansa akwai wani baƙin layi siriri.

"Kowa yana da karen nan in aka ɗauki hoton ta wannan gefen, siffar ƙashin ce kawai," in ji likita. "Layin wuyan ne bai kamata ya kasance ba. Tsaga ce."

Ta faɗi sunan ciwon, dogo ne, harshena ya ƙi ɗauka. Amma bayanin na riƙe shi tsaf. Ta ce a bayan kowace gaɓa ta ƙashin baya akwai wata siririyar gada, ɗaya dama ɗaya hagu, su ke riƙe gaɓar da 'yar uwarta. Duk gantsarewa tana matse gadar. Ba faɗuwa ce take karya ta ba, maimaitawa ce, kamar wayar da ake lanƙwasawa ana miƙewa. Ta Lauje ta hagu ta tsage, ta dama ta fara gajiya. Ta ce tunda ƙashinta yana girma, in ta bar gantsarewa na wasu watanni, ta sa ɗamarar roba mai tauri, aka koya mata motsin ƙarfafa ciki, akwai kyakkyawan zato zai haɗe.

"In kuma ba ta bari ba?"

"In duka biyun suka rabu, gaɓar tana iya zamewa gaba. Wani lokaci har da yatsa kana jin wurin, kamar matakala."

Na tuna yatsan Inna. Na waiga, sai na ga Lauje tana kallon karen nan da sha'awa, kamar an nuna mata hotonta na makaranta.

A wani tsohon sito 'yan gidanmu suke atisaye, mai dogon rufi da tagogi can sama. Ba sa sa kiɗa. Inna ce take zama a kujerarta a tsakiya, tana buga sanda a ƙasa, kowa yana motsi da bugun. Na shiga da hoton a hannu na kasa ɓoye fushina.

"Yaya, abin da kuke kira buɗewa karaya ce! Ƙashin 'yarka ne ya tsage. Naka ma haka ya yi, na kowa ma."

Yaya ya ɗaga hoton sama ya duba, ya juya shi, ya miƙo mini.

"To ga ni tsaye. Na mutu?"

"Yaushe rabonka da ka ɗaura igiyar takalmi da kanka?"

Ya kau da kai. Inna ta yi dariya ƙasa-ƙasa, sandar ba ta daina bugawa ba.

"Taɓarya ta je ta yi karatun baya. Ki tafi da Lauje mana, wa ya hana ki? Mu ba ma ɗaure kowa."

Ban so yadda suka sake ta da sauƙi ba, amma na kama hannun yarinyar muka fita.

Makonnin farko sai hamdala. Da safe in ɗaura mata ɗamarar, in ja maɗaurai, ta ce na matse ta kamar buhu, in ce buhun ma ya fi ta jin magana. Makaranta tana hutu, sai in bar ta a ɗaki da littattafai in tafi shago. In na dawo ina samunta kwance yadda likita ta ce, ɗamara a jikinta. Ta daina kukan ciwo. Har na fara yi wa kaina kirari.

Sai wata rana aka ɗauke wuta da hantsi, keken ɗinki ya tsaya, na koma gida da wuri. Na tura ƙofa na yi sallama, shiru. A kan gado ɗamarar tana tsaye da kanta, an ɗaure maɗauranta duka, ta riƙe siffar ƙugun yarinyar, cikinta babu kowa. Na fito waje neman Lauje.

Maƙwabciyata tana shanya a baranda. Ta ce, "Ai kullum kina fita take fita. Na zaci ke kike aikenta."

Na nufi siton, tun daga bakin titi nake jin bugun sandar. Rana tsaka ce, amma cikin siton duhu-duhu, haske yana saukowa daga tagogin sama yana tsayawa a kan katifar tsakiya. Sun kewaye katifar su duka. Lauje tana gantsare, tafin hannu da tafin ƙafa a ƙasa, cikinta yana kallon rufi. Duk bugu ɗaya sai ta matso da hannu kusa da dunduniya. Fuskarta a kife ta fara ganina, ta washe baki.

"Goggo! Ciwon ya tafi."

"Sauko."

"Wallahi ya tafi. Ƙafar nan ma ta hagu ba na jinta sosai, kamar ba tawa ba."

Wani ƙanen babanmu ya gyaɗa kai yana murmushi. Yaya ma ya gyaɗa. Ƙafar da take faɗa tana karkarwa, yatsun suna jan katifa, kuma ba wanda ya ga abin tsoro a ciki sai ni.

Ban san lokacin da na durƙusa na sa hannu biyu a ƙarƙashin bayanta ba. Na ce ta sake jikinta a hankali. Ta yi gardama, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, ta sake. Na ɗauke ta a miƙe a kan hannuwana, nauyinta bai kai na labulen falo ba. Suka buɗe mini hanya kamar masu ba baƙo wuri. Sandar ta tsaya, sai muryar Inna a bayana, a natse, babu ko fushi.

"Kai ta, ki dawo da ita in kin gaji. Da ƙafarta ta zo, ba mu aika ba."

Wannan ce maganar da ta fi yi mini ciwo, don gaskiya ce.

Na tare mota, na kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyata, na ce wa direba asibiti, kuma ya bi ramuka a hankali. Ina ta matsa yatsun ƙafarta ina tambaya ko tana ji. Ta ce tana ji kaɗan. Da muka wuce kasuwa sai ta ɗago ido.

"Goggo, in likita ta gyara shi, zai haɗe?"

"In Allah ya yarda zai haɗe."

"Ya haɗe duka? Ya zama kamar naki?"

"Kamar nawa," na ce, ina shafa kanta, a zatona lallashi nake yi.

Ta juya fuskarta ga jikin kujera. Yarinyar da ban ga hawayenta ba ko sau ɗaya tun da ciwon nan ya fara, sai ga ta tana kuka har kafaɗunta suna girgiza, kuma har muka isa ƙofar asibiti ba ta bar ni na sake taɓa ta ba.