Kyautar Kawu

Da Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, ta warware tsumman da ke ƙafar direban, sai da masu jiran layi a bakin ƙofa suka ja da baya. Auta ba ta ja ba. Sati uku ke nan da fara aikinta na likita, har ta koyi jan numfashi ta baki. Babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, ruwa na tsattsafowa daga tafin ƙafar, wani ƙuda kuma ya nace sai ya gane wa idonsa.

"Baba, kwana nawa ƙafar nan tana haka?"

"Yau sha biyu, likita. Ƙusa na taka. Amma fa ina kan magani, allura safe da yamma."

"Wa ya rubuta maka?"

"Wata likita ce, Allah ya yi mata albarka. Ban dai gan ta ba. Kawunta ke da kemis a bayan tasha, shi ke karɓo mana takardar."

Ya zaro takardar daga aljihu, duk ta sha gumi. Sista ta karanta, ta dubi Auta ta saman tabarau, ta miƙa mata. Rubutun kamar tafiyar kaza, allurai uku da babu wadda ta shafi ciwon. A ƙasa kuma ga hatimi raɗau da shuɗin tawada: sunan Auta, da lambar lasisinta. Auta ta kai hannu aljihun farar rigarta. Hatiminta na nan inda yake kwana yake tashi.

Ranar da aka yi mata liyafar gama karatu, dangi sun zo da kyaututtuka, kowace kuwa da ƙugiya a jikinta. Goggo ta kawo farar riga da za ta ɗauki Auta biyu, sannan ta ja ta lungu tana tsakiyar cin abinci, ta ɗaga hammata ta nuna mata maruru. Yaya ya kawo abin sauraren ƙirji na roba, wanda ko a jikin injin niƙa aka ɗora shi ba zai ji komai ba, ya bi shi da sakamakon gwajin fitsarin matarsa. Kawu kaɗai ya ba da kyauta ya koma ya zauna. Ɗan akwati ne, a ciki hatimi mai mariƙin katako. Tun sati guda kafin nan ya kira ta ya karɓi lambar lasisin, wai akwai abin mamaki da yake shirya mata. Har ƙwalla ta yi ranar, ta ce cikin dangi kaf shi ne ya san abin da likita ke buƙata. Ashe kuwa ya sani.

Sista ta rage murya. "Mutumin nan yana da ciwon suga, kuma da wuya yatsan nan ya kwana a jikinsa. Ƙarfe huɗu babban likita zai zagayo. Takardar nan fayil za ta shiga, ni ba na ɓoye takarda. In ke kika rubuta, lasisinki ya tafi. In ba ke ba ce, sai ki faɗi wanda ya yi."

Auta ta wanke ciwon, ta sa a ɗaura masa ruwa, ta roƙi abokin aikinta ya riƙe mata layi. Ƙarfe ɗaya ta tari tasi.

Ta tarar da Kawu zaune bayan kantar kemis ɗinsa yana sakace da murfin allura. Kwalayen magani sun koɗe a rana, kyankyaso na sintiri a kan kwalaben tari, sirinji huɗu na jiƙe a kofin da yake shan ruwa. Wata mata ta zo neman maganin ciwon kai, ya goge maiƙon hannunsa a gaban riga, ya ƙirga mata ƙwayoyi a tafin hannu. A nan Auta ta yi wasa tana yarinya, a nan ta fara sha'awar aikin likita. Yau kuwa ko a kan kujera ta kasa zama.

"A'a! Likita da kanta! Yau shagona ya yi albarka."

"Kawu, ina hatimin?"

"Wane hatimi? Naki ya ɓata ne?"

"Wanda ka buga wa direba mai ciwon ƙafa."

Bai ko ji kunya ba. Ya ja aljihun tebur ya fito da shi, ɗan'uwan nata sak, sai dai mariƙin wannan ya yi baƙi don dauɗa.

"To mene ne a ciki? Mutane yanzu sun yi wayo, ba sa yarda da allura sai sun ga hatimi. Ke kika ci jarrabawa, amma ni shekara talatin ina tsira allura, tun ba a san za a haife ki ba. Abin da kika karanta a littafi, ni a jikin mutane na karanta shi."

"Za a yanke masa yatsa, Kawu. Wataƙila har ƙafar."

"Wannan ƙaddara ce. Ni na saka masa ƙusar?"

"Da sunana ka yi!"

"Sunan wa kike so in sa, na bare? Ɗan'uwa ai rabin jiki ne. Kuma ranar da na ba ki naki, ba ki ce ba kya so ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski."

Ta yago takarda ta naɗe hannunta kafin ta ɗauki hatimin, don ba ta jin za ta iya taɓa shi haka. Kawu ya bi ta da kallo yana murmushi, ya mayar da murfin allurar bakinsa.

"Ɗauki, 'yar nan, ba zan yi kokawa da ke ba. In kin je gida sai ki haɗa da na wurin uwarki. Uku aka yi."

Ta so ta ce ƙarya yake yi. Duk tsawon hanyar gida abin da take gaya wa kanta ke nan.

A falo ta samu Mama da maƙwabciyarsu, takardar shaidar lafiya ta shiga makaranta a shimfiɗe kan tebur. Gwangwanin zare da maɓallai na buɗe a gefe. Mama ta kai hatimin bakinta, ta hura masa hucin numfashi don tawadar ta jiƙa, ta danna shi da hannu biyu har tana cije leɓe.

"Mama."

Maƙwabciyar ta naɗe takardarta ta sulale.

"Auta, lafiya da rana tsaka? Kin ci abinci?"

"Nawa kika buga?"

"Me aka yi da nawa? Takardun yara ne kawai, sai na hutun rashin lafiya ɗaya biyu. Ko sisi ba na karɓa. Mutane su zo har ɗakina su ce uwar likita, in ce su je su bi layi? Ai ni na ce wa kawunki ya ƙara ɗaya."

"Kin duba yaran?"

"Yaran da nake gani kullum suna tsalle a ƙofar gida?" Mama ta tsuke fuska. "Ke ni fa na haife ki. Sunan da muka raɗa miki ne ba ni da iko da shi?"

Auta ta miƙa hannu kawai. Mama ta daɗe tana kallonta, sannan ta ajiye hatimin a kan tebur, ba a hannun ba.

"In kika kai ƙanena ƙara, ki san da wane ido za ki kalli dangi."

Huɗu saura minti biyar ta iso asibiti. A baranda ta yi kiciɓis da direban, ana tura shi ɗakin tiyata. Ya ɗaga mata hannu yana godiya, ta sunkuyar da kai ta wuce. Sista na tsaye a ofishin babban likita, fayil ɗin a buɗe, takardar a sama.

Auta ta zaro hatiman ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan tebur. Ta faɗi inda ta samo kowanne, ba ta tsallake na gwangwanin maɓallai ba. Babban likita ya cire tabarau, ya tura hatiman da bakin biro.

"To, wanne ne naki a ciki?"

Ta dubi hatiman uku, kowanne ɗauke da sunanta.

"Babu ko ɗaya, ranka ya daɗe."