Jarkar da Ke Siton Leah

Ni ce babba, ni na goyi ƙanwata Leah, amma ita ce ta auri soja. Mijinta Ebenezer ya gina mata gidan bulo a unguwar Rikoto, bango ɗaya da namu, ya rataya jan tulun kashe gobara a falo, ya kuma yi wa gidan inshora. In mun fito coci sai ta ce, "Yaya, mu ko wuta ta ci gidanmu, kamfani ka biya." Nakan yi dariyar yaƙe.

Maigidana Sila kabu-kabu yake yi. Da fetur ya yi wuya ya sayo jarka guda, mu kuwa rufin ciyawa gare mu. Na roƙi Leah ta ajiye mana a sitonta. Ta ce takardar inshora ta hana ajiye mai a gida, kuma Oga Ebenezer ya ja mata kunne kafin ya koma bakin aiki. Na ce to, ai dama talaka ba ya da ƙanwa. Nan take ta miƙo makulli.

Ranar wata Laraba da azahar wutar murhuna ta kama danga. Iska ta kwashe ta ta ɗora wa siton, jarkar ta yi bindiga. Tulun nan ko taɓa shi ba a samu yi ba. Gidan Leah ya tashi ƙurmus, mu ɗaki ɗaya ya rage mana.

Ana cikin jaje sai na ji mata suna ce wa Leah, "Ke kam kin huta, sabo za a gina miki." Ni da na rasa rumbun dawa, "sannu" kawai na samu. Haushi ya hana ni cin tuwo kwana biyu.

Da ma'aikacin kamfanin ya zo daga Birnin Kebbi, ya zaga toka, ya shinshina, ya tambayi Leah ko akwai mai a siton. Ta sunkuyar da kai ta ce babu. Ya juyo wurina.

"Mama, ke ce maƙwabciya. Mi kika sani?"

Babu wanda ya matsa mini. Na gyara ɗaurin zane na ce ni mai bin Yesu ce, ba na ƙarya, akwai jarka. Ya rubuta. Ban faɗi ko ta wa ce ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Kamfani bai biya ba. Ebenezer ya bugo waya ya ce kada ya dawo ya tarar da ita.

Yanzu a ɗakina take kwana, ita da 'ya'yanta uku. Mun zama ɗaya, abin da na daɗe ina so ke nan, amma ko daɗinsa ban ji ba. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, mun gode da wurin kwana."