Sunan da Ban Kira Ba

Kwanana arba'in da uku cikin takaba zazzaɓi ya kama ni. Bayan azahar na kwanta a tabarmar Malam, idona ya yi nauyi.

Shekara goma sha tara Malam yana ba ɓeraye abinci a ɗakin bincike na jami'a. Ya taɓa gaya min likitocin suna kallon ƙwaƙwalwar ɓera a na'ura, ƙwayoyinta na haske kamar fitilu, kowace hanya da tata fitilar. In ciwon mantuwa ya shiga, sai su kama tare babu tsari, daga baya su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ciwon nan ne ya zo ya same shi. A ƙarshe in na ce "Malam" ba ya juyowa. Likita ya ce in gwada sunansa na yanka. Shekara talatin da shida ban taɓa kama sunan mijina ba. Na kasa, har ya rasu yana ce min "baiwar Allah".

Da barci ya ɗauke ni, sai na gan ni a wani lungu mai farin bango, babu ƙofa. Duk kwanar da na sha sai in dawo gaban murhuna. Wani farin ɓera na zaune a kan murfin tukunya, da lamba a kunnensa.

"Hansatu, kin makara," in ji shi.

"Ina ne nan?"

"Cikin kan mai ba mu abinci. Biyo ni."

Muka bi ta ƙarƙashin fitilun ƙwai, suna rataye da zare kamar yanar gizo. Kowacce na maimaita abu guda. Wata tana cewa "hanyar masallaci", wata "Ladidi", sunan 'yarmu. Can sai suka kama tare, suna ihu kamar ranar kasuwa, har na toshe kunne. Da na buɗe, rabinsu sun zama toka. Keken Malam na jingine ba taya, shi keken ya tambaye ni, "Ina muka ce za mu ne?"

Bangon ya yi ta matsowa har yana goge min kafaɗa. A ƙarshen lungun ga keji, girman ɗakinmu. Malam na ciki, ya ba ni baya. Na gane kwaɗon da ke jikin kejin, shi nake sa wa ƙofa don kada ya fita ya ɓata. Fitila ɗaya ta rage a samansa, tana lumshewa.

"Malam," na ce. "Malam, ni ce."

"Wannan fitilar ba ta san Malam ba," in ji ɓeran. "Uwarsa ce ta kunna ta."

"Da kunya."

"Ni sha bakwai aka rubuta min a kunne. Shi ya raɗa min Ɗan'auta, kuma ina amsawa. Ke an ba ki suna kin ɓoye. Man ya kusa ƙarewa."

Na kama ƙarfen kejin da hannu biyu.

"Tanimu."

Fitilar ta miƙe. Ya juyo a hankali, ya dube ni, leɓensa ya fara motsi.

"Inna! Inna, tashi, an kira la'asar." Ladidi ce ke girgiza ni. "Wa kike kira haka?"

Na dubi ƙofa. Kwaɗon na nan rataye a buɗe. Har yau ban sani ba ko Hansatu zai ce, ko baiwar Allah.