Volkmar Ya Ba da Hanya

Volkmar ya tsufa a gasar tseren motoci ta Jamus bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Ranar tseren ƙarshe na shekara, a filin tsere na Hockenheim, ruwan sama ya watsa gwanaye, sai ga shi a gaba, an kusa tashi. Matarsa har ta miƙe tsaye a cikin 'yan kallo.

Muryar Oltmann, shugaban ƙungiyarsu, ta shigo masa ta rediyo. "Dattijo, matsa wa ɗan ƙungiyarmu Jannik ya wuce. Shi muke nema wa kambun bana."

"Haba maigida, sau ɗaya fa a rayuwata!"

"Kana son mota baɗi ko ba ka so? Yi tunani, amma da sauri."

Volkmar ya ɗaga ƙafa daga totur. Jannik ya wuce, ko hannu bai ɗaga masa ba.

A wurin shagali Oltmann ya dafa kafaɗarsa. "Gaskiya ka yi halin girma. Sai dai kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu ya ce baɗi direban da ya taɓa cin tsere yake so, ka ga kuwa ba yadda zan yi. Sha giyarka mana, su suka saya."