Tukunyar da Yakaka Ta Ɗora

Gwadabe masunci ne, in dai za a kira mutumin da goransa ya fi shi sanin hanyar gida masunci. A zamanin ana rufe ƙofofin ganuwar Haɗeja da magariba, kuma sau da yawa sai a rufe yana can ƙetaren kogi, a rumfar wata tsohuwar Bamagujiya mai suna Auta, yana ɗirkar giya. Sau biyu a damina ɗaya yana sulluɓewa daga kan goran da yake hawa a kogi don kamun kifi, ana tsamo shi ciki ya yi tim da ruwa.

Matarsa Yakaka ta san in aka yi na uku, gawa za a kawo mata. Ɗiyar malami ce, don haka ta fara da rubutu. Ya shanye tas, ya je ya ɗora giya a kai. Da dabara ta ƙare mata, sai ta ja mayafi ta shiga kwalekwale, ta je wurin matar da ko sunanta ba ta son ji.

"Iya, ke kika lalata shi, ke za ki gyara."

Auta ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, ban taɓa aikawa a kira mini shi ba. Amma akwai saiwa. A cikin giya ake dafa ta, ya sha kwana bakwai. Daga nan ko warinta ya ji, sai amai. Ba dai a tukunyata ba, jama'a ke sha. Ki dafa a gidanki."

Gwadabe ya amince, har da kuka. Kuka bai taɓa yi masa wuya ba.

Yakaka ta jiƙa dawa ta yi tsiro, ta niƙa, ta ɗora tukunya a bayan ɗaki, kunya kamar ta kashe ta. Kafin kwana uku wari ya cika unguwa. Maƙwabtan da suka shekara suna kallon mijinta yana tangaɗi ba su ce uffan ba, sai ga shi kowa ya zama alƙali. Aka daina sayen furar da take sayarwa. Mahaifinta ya aiko cewa kada ta taka masa zaure.

Magani kuwa ya ci. Gwadabe ya yi amai har ya rame, ya tashi garau. Ya sayi rawani, ya koma sahun gaba a masallaci, yana karɓar barka kamar shi ya yi aikin.

Ran wata Juma'a ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakinta, bai shiga ba.

"Yakaka, dattawa sun yi mini magana. Mutum kamata bai dace ya zauna da matar da ta dafa giya ba. Ki haɗa kayanki."

Ta dube shi. Idonsa fari tas, ƙafarsa ko rawa ba ta yi.