Kantun Gidan Surukai

Takardar ba ta fi tafin hannu ba, amma cikin kwana uku ta rusa auren Safiyanu. Inna Zulaiha ta karanta ta sau huɗu a tsakar gidanta da ke Wurno ta Birnin Kudu. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, ba ta buƙatar mai fassara mata: an sami mofin, ɗaya daga cikin miyagun ƙwayoyi, a fitsarin ɗanta.

Alhaji Maikano na Gwaram ne ya kafa sharaɗin. Ya ce ba zai ba da 'yarsa Khuzaima ba sai an yi wa saurayin gwajin ƙwaya. Zulaiha ba ta ƙi ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne, ranar da sakamakon ya fito Alhaji bai nemi kowa a danginsu ba. Ana idar da sallar la'asar ya tsaya a ƙofar masallacin unguwarsu ya ce Allah ya raba shi da haɗa zuri'a da ɗan ƙwaya. Kafin kwana biyu maganar ta iso Birnin Kudu. Safiyanu, wanda ko goro ba ya ci, ya daina fita ko ƙofar gida.

Maƙwabta suka yi ta shigowa jaje, kowa da nasa ilimin. Yaran yanzu sai addu'a. Inji ba ya ƙarya. Uwa ita ce ta ƙarshen sani. Zulaiha tana jinsu tana haɗiye baƙin ciki. Ta yi aiki da injunan nan tun wasu daga cikin maƙwabtan suna goye, ta san inji abin da ya gani yake faɗa, ba ya faɗin ta inda abin ya shigo.

Ta sami Safiyanu a ɗaki.

"Tashi zaune. Maganin tari ka sha a makon nan?"

"Inna, na rantse miki..."

"Ban ce ka rantse ba, rantsuwa ba ta shiga kwalbar gwaji. Me ka ci ranar?"

Ya ce da sassafe ya tafi Gwaram karɓo sunan wurin da Alhaji ya zaɓa a yi gwajin. Bai karya kumallo ba. Aka kawo masa abinci a zaure, fura da waina da farfesu.

"Ka ci?"

"A gidan surukai, Inna? Alhaji na zaune?"

Ko ruwa bai kurɓa ba. Da zai tafi, Hajiya Lailatu, uwar yarinyar, ta aiko masa da kantun riɗi cike da leda, tunda ta san kunya ba za ta bar shi ya ci komai a gabansu ba. Yunwa ta sa ya cinye shi a mota kafin ya isa wurin gwajin.

Ledar tana nan a aljihun rigarsa. Zulaiha ta zazzage ɓurɓushin a farin faranti, ta saka tabarau, ta fita cikin rana. A ƙasar riɗi aka haife ta, ta san ƙwayarsa ido rufe. Amma a tsakaninsa akwai wasu 'yan mitsi-mitsi, farare, masu siffar ƙoda. Waɗannan ba gonar Jigawa ta ba da su ba.

Washegari ta shiga motar Gwaram, ta wuce kai tsaye cikin gida. Hajiya Lailatu ta karɓe ta a ɗarare, tana kallon ƙasa.

"Ba biko na zo ba, Hajiya. Me kike zubawa a kantunki bayan riɗi?"

Hajiya ta ɗauko wata kwalba. Tsaraba ce daga Indiya, lokacin da ta raka Alhaji aikin gwiwa. Matar mai masaukinsu ce ke zuba shi a miya, ta ce sunansa kashkash. Ita dai ta ga ya yi kama da riɗi, ta haɗa, Alhaji kuma ya ce bai taɓa cin kantu mai daɗinsa ba. Kullum sai ya ci bayan azahar.

Sunan ya faɗo wa Zulaiha a kai. Shekarar da ta bi alhazai a tawagar lafiya an ja musu kunne cewa kada kowa ya shiga Saudiyya da kashkash, can haramtacce ne, ana kama mutum a kansa. Ƙwayar tsiron da ake yin mofin da shi ce. Ba ta cika bugar da mai ci ba, amma ƙurar da ke jikinta tana iya fitowa a fitsari.

Ba ta yi wa Hajiya bayani ba. Ta ce a ba ta kantu, irin yawan da aka ba ɗanta. Ta ci shi a mota, tana tauna da sauran haƙoranta kamar mai ɗaukar fansa, ta zauna a benci awa uku don ya ratsa jikinta, sannan ta miƙa fitsarinta a wurin da aka gwada Safiyanu. Ma'aikacin ya dubi furfurarta ya ce, "Baba, ke ma auren za ki yi?"

"Yi aikinka, ɗan nan."

Ranar Alhamis ta koma Gwaram. Alhaji Maikano yana zaure, ya miƙe ƙafar da aka yi wa aiki. Ta ajiye masa takarda biyu. Ta farko ta Safiyanu ce, sabon gwaji, babu komai.

"Hajiya Zulaiha, wannan ai ba hujja ba ce," in ji shi. "Kowa ya san suna dainawa kwana biyu idan za a gwada su."

"Na san haka za ka ce. Karanta ta biyun."

Ya karanta. An sami mofin. Ya sake duba sunan.

"Zulaiha, shekara sittin da takwas, 'yar ƙwaya," ta ce. "Je ka faɗa a masallaci. Abin da na ci kuwa daga madafin gidanka ya fito."

Ta yi masa bayanin kashkash a taƙaice. Ya ce shi bai taɓa jin haka ba, kuma shi ba likita ba ne, takarda ya bi.

"Ba likita ba ne kai, amma ka yanke hukunci kafin ladan ya naɗe tabarma. Da ka kira ni, da a ranar mun gano. Yaron nan don ya girmama ka ya ƙi cin abinci a gabanka. Da marar kunya ne ya zauna ya cika cikinsa da waina, da bai taɓa ledar ba sai ya dawo gida."

Ta leƙa cikin gida ta ce Hajiya Lailatu ta kawo kantun azahar. Aka kawo. Zulaiha ta tura farantin gabansa.

"Bismilla. Ka ci, mu tafi tare. Idan taka ta fito fes, ni da bakina zan ce ɗana mashayi ne."

Alhaji ya dubi farantin. Kullum yana cin uku ko huɗu. Yau hannunsa bai motsa ba.

Can ya gyara murya ya ce to, kuskure an yi, Allah ya kiyaye gaba. A turo magabata ranar Asabar a ci gaba da magana, ba sai an tayar da ƙura ba.

"Ba auren na zo karɓa ba, Alhaji. Wannan tsakanin Safiyanu da Khuzaima ne, in har yana so. Sunansa na zo karɓa. A ƙofar masallaci ka ajiye shi, a can za ka ɗauko mini."

"Hajiya, da girmana..."

"Da girmanka ka faɗa."

Aka kira la'asar. Ya daɗe yana laluben sandarsa, ya fita. Zulaiha ta yafa mayafi ta bi bayansa, ta tsaya jikin katangar da ke kallon masallacin, inda za ta ji komai. Da aka sallame ya miƙe ya fara magana ƙasa-ƙasa, mutanen sahun baya har sun fara saka takalma.

Ta ɗaga murya daga inda take. "Alhaji, ba a ji a nan."

Masu takalma suka tsaya. Ya sake farawa daga farko.