Jinin Jannatu Ya Kama

Bamalli ya kafa ido a kan ɗan gilashin da Nehemiya, mai gwajin jini, yake ɗiga wa ruwa mai launi. Jinin 'yarsa Jannatu ne a shafe a jikin gilashin. Kwana tara tana kwance da zazzaɓi a asibitin, likita kuma ya ce fararen ƙwayoyin jininta sun yi yawan da ya ba shi tsoro: ko dai ciwon huhu jikin ke yaƙa, ko kuwa sankarar jini ce.

"Ashe rini kake yi," in ji Bamalli, wanda ya shekara arba'in a bakin karofi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a garin Iku.

"Kusan haka ne, Baba. Akwai wani sinadari a cikin ƙwayar da ke yaƙar cuta. In yana nan, sai ta sha launin nan. Irin sankarar da likita ke tsoro, ƙwayoyinta a koɗe suke fitowa."

Bamalli ya jinjina kai. Wato har cikin jinin ɗan Adam akwai zanen da ke shan baba da wanda ke ƙi!

Nehemiya ya sa ido a madubin ƙara girma, yana ƙirga ƙwayoyin ɗaya-ɗaya har ɗari. Can ya buga tebur.

"Ya kama! Baba, ya kama sosai!"

Talatu, uwar Jannatu, tana bakin ƙofa, ba ta ji bayanin farko ba. Sai ta zube ƙasa, hannu a ka.

"Innalillahi! Ciwon ya kama min ita!"

Matan da ke jiran layi suka taso daga kan benci suna salati. Bamalli kuwa dariya yake har hularsa ta karkace.

"Ka zautu ne, Malam? 'Yarka fa!" in ji Talatu.

"Haba Talatu, matar marini guda! Ranar da na shigo gida na ce ya kama, kuka kike yi ko guɗa?"

Ta tsaya, baki buɗe, ta dubi Nehemiya.

"Mama, rinin ne ya kama. Likita zai tabbatar, amma wannan ya fi kama da ciwon huhu, kuma yana jin magani."

Talatu ta miƙe, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba, ta nufi ɗakin da Jannatu ke kwance tana rangaɗa guɗa. Wata nas ta biyo ta da gudu tana cewa nan asibiti ne. Da nas ɗin ta ji dalili, sai ta riga Talatu buɗe ƙofar ɗakin.